Kunnen Hagu na Akuila

A jirgin ruwan Sakiusa, in an gama nutson ƙarshe, ba mai taɓa shayi sai ya bi layi. Kowa ya zauna a benci, ya kwantar da kai a kafaɗa kamar kaza mai mura, Litiana 'yar mai jirgin ta bi su da kwalbarta tana ɗiga musu magani a kunne. Haɗin gida ne, ruwan khal da sifirit, yana busar da ruwan teku kafin kunne ya ruɓe. Warinsa kuwa sai dai haƙuri.

A haka Akuila ya fara ganinta, a karkace. Sabon ma'aikaci ne da ya zo tsibirin Taveuni daga birnin Suva don ya riƙa raka baƙi ƙarƙashin ruwa.

"Daina motsi, ɗan birni."

"Ban motsa ba."

"Kunnenka rawa yake."

"Ba kunnen ba ne ke rawa," in ji shi.

Ta ƙara masa ɗigo ɗaya na mugunta, ta wuce tana danne dariya.

Kafin damina ta fita, kowa a jirgin ya lura Akuila ne ƙarshe a layi kullum, kuma kunnensa ya fi na kowa cin lokaci. Yana ce mata Likitata, ita kuma ba ta sauya masa suna ba. Mu maza mun sha faɗawa soyayya ta hanyoyi marasa mutunci, amma ta ramin kunne, wannan sai Akuila.

Da labari ya kai ga Sakiusa, bai ɗaga murya ba. Yana naɗe igiya ya ce wa Akuila, "Ka koyi nutso a tafkin otal, ka zo neman 'yata?"

"Baba, ina da takardar shaida."

"Kifi ba ya karatu." Ya nuna Waisea da haɓa, ƙaton da ya daɗe yana nutso tare da shi, wanda shi ma idonsa na kan Litiana. "Wancan na san shi, mun sauka tare. Mutumin da ban sauka da shi ba, ban san shi ba. Ranar Asabar zan sauya sarƙar da muke ɗaure jirgi da ita a gindin dutsen ƙarƙashin ruwa. Ka bi ni. In mun hau lafiya, ka turo manyanka."

Ana saura 'yan kwanaki, wata baƙuwa ta rikice a ruwa, ta soma nitsewa kamar dutse. Akuila ya bi ta da gudu, bai tsaya toshe hanci ya daidaita kunne ba. Ya kamo ta. Amma a hanya ya ji wani abu ya ce ɓus a kunnen hagu, ruwa mai sanyi ya shiga, duniya ta juya. Da ya hau, ya koma bayan jirgi ya matse hanci ya hura. Iska ta fito ta kunnen da ɗan fito.

Duk mai nutso ya san ma'anar wannan. Ya kuma san abin da sifirit yake yi wa dodon kunnen da ya huje.

"Layi!" in ji Litiana.

"Yau na yafe."

Ta tsaya da kwalba a hannu. Ba a taɓa yafe mata ba. Washegari ma ya yafe.

Nas ɗin asibitin garin ta leƙa kunnen ta ce makonni ba ruwa, ba ɗigon komai, in ya sauka a haka jiri zai iya ɗauke shi har ya kasa gane sama da ƙasa. Ta rako shi bakin ƙofa tana nanata masa. Waisea kuwa yana wucewa a mota ya gan su, kuma Waisea bai iya riƙe alheri shi kaɗai ba.

Da yamma saƙon Litiana ya shigo wayarsa: "An ce ka yi sabuwar likita. Allah ya sa hannunta ya fi nawa laushi."

Ya rubuta: "Likitata, wallahi ba haka ba ne. Ki ba ni zuwa Asabar."

"In ba haka ba ne, yaya ne?"

Ya rubuta gaskiya, ya goge. In ta sani za ta hana shi. In ta hana shi, tsohon zai ce ɗan birni ya ga zurfi ya ƙirƙiro ciwo. Sai ya tura: "Ki yarda da ni kawai."



Ranar Asabar teku ta tashi da fushi. Jirgi yana tangaɗi a saitin dutsen, Sakiusa ya riga ya goya tukunyar iska, Waisea yana riƙe da sabuwar sarƙa yana murmushi. Akuila ya zauna a gefen jirgi yana ɗaure takalman nutso. Litiana ta zo ta hagunsa, ba tare da ta dube shi ba ta ce, "Igiyar tukunyarka a kwance take."

Bai juyo ba.

Ta sake faɗa. Shiru. Ta zagaya ta dama, ta faɗa a hankali, nan take ya kai hannu ya ɗaure. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ciki ta fito da kwalba.

"Kwantar da kai."

"Ai sai an fito ake ɗigawa," in ji Waisea.

"Da kai nake? Akuila, hagu."

"Litiana, don Allah..."

"In kunnenka lafiya yake, ɗigo ɗaya ne. Kwantar."

Sakiusa ya cire abin shaƙar iska daga bakinsa.

Akuila ya kwantar da kai. Ta kama fatar kunnen kamar yadda ta saba, sai dai yatsunta sun yi sanyi ƙalau. Ta kifa kwalbar. Ta gefen ido yana ganin ɗigon ya taru a baki, yana lilo tare da jirgin.

"Ka ce in bari," ta faɗa. "Ka faɗa da bakinka. Na fi son in rasa ka kana tsaye a kan ƙasa."

Ɗigon ya yi nauyi.

"Bari," in ji shi. Ya miƙe ya fuskanci tsohon. "Baba, kunnena ya huje tun ranar baƙuwar nan. Ba zan iya sauka ba."

Waisea ya yi tsaki. Sakiusa ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Akuila.

"Da ka juye a can ƙasa, wa zai bi ka? Ni. Ka so 'yar nan ta binne mutum biyu rana ɗaya?" Ya juya. "Waisea, mu je. Kai kuma cire kayana."

Daga ranar aka mayar da Akuila tudu, wankin rigunan nutso na baƙi. Wanda ya san fitsarin da baƙi suke yi a cikin rigunan nan in sanyi ya kama su, ya san hukunci ne. Ya wanke, ya shanya, bai yi ƙorafi ba. Sakiusa yana wuce shi kamar turke.

Saƙo ɗaya ya riƙe shi: "Ɗan birni, har yanzu ina fushi. Ka sa auduga in za ka yi wanka. Na aje maka rogo da kifi a bayan firji."

Ya amsa: "Fushinki ya fi lafiyar wasu daɗi, Likitata."

"Kar ka saba."

Sai da nas ta ce ramin ya rufe, sannan wata safiya Sakiusa ya tsaya a kan bahon wanki.

"Kunne?"

"Ya warke, Baba."

"Wa ya ce?"

"Asibiti."

"Na tambayi Waisea, da shi ne da me zai yi. Ya buga ƙirji ya ce da ya sauka, ko 'yata ta juye masa kwalbar duka ba zai yi magana ba. Yana tsammanin yabo zan yi." Tsohon ya shafa gemu. "Kai maƙaryaci ne, amma kana tsoron Litiana fiye da teku. Irinku kuna daɗewa. Ɗauko kayanka."

Sun sauka tare, sun hau tare. Ba su ce wa juna komai ba, wanda a wurin Sakiusa doguwar hira ce.

Kawunnan Akuila suka zo daga Suva da tabua, haƙorin ƙatuwar dabbar teku da a ƙasar ba a neman aure sai da shi, Sakiusa ya karɓa da hannu biyu. Aka ɗaura aure a cocin garin, aka tone ramin gashi aka fito da naman alade da gwaza har Waisea ya ci ya ƙara, ya kuma yi rawa fiye da kowa.

Da aka zo sa albarka, tsohon ya dafa kawunansu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce iskar teku ce.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana," in ji shi. "Ya kuma sa duk inda kuka shiga ku fito tare."

Jama'a suka ce amin, Litiana ta matse hannun mijinta.