Littafin da Ya Auna Keziya

"Mene ne wannan, Othniel?"

Na ɗaga littafin da ya ajiye a kan kujerarmu. Wani fasto Bature ne ya rubuta shi a zamanin Sarauniya Victoria, kan yadda ake zaɓen matar aure. Ko a ƙasarsu an manta da mutumin, amma saurayina ya tono shi, yana digiri na biyu a kansa a jami'a a Samaru. Ni kuma sakarya har taya shi buga rubutun nake yi.

A gefen kowace shawara ga sunana da fensir. Ladabi, ya ba ni maki. Tsimi, maki. Magana ƙasa-ƙasa, maki.

"Masoyiyata, kin ci sha ɗaya cikin sha biyu fa!" Wai har murmushi yake yi.

"Ta sha biyun fa?"

Ya sosa ƙeya. Na karanta da kaina: ka je gidansu da sassafe ba sanarwa, yadda ka same ta haka za ta zama a gidanka.

Sai na tuna safiyar da ya diro gidanmu a Jushi. Ya tarar da ni kai ba ɗankwali, zani a jiƙe, ina wanke shimfiɗar da Baba ya ɓata. Shekara uku ke nan Baba na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma ni kaɗai gare shi. Ranar har daɗi na ji, na zaci kewata ce ta taso Othniel.

"Ashe jarrabawa ka zo yi mini!"

"Keziya, ki fahimce ni... Faston ya ce 'yar da ke jinya rabin zuciya take kai wa miji. Idan aka mayar da Baba ƙauye wurin ƙanwarsa, sai mu yi bikinmu a Disamba."

"Shi faston naka, wa ya yi jinyarsa?"

"Ba wanda ya sani. Ko kabarinsa ba a gano ba."

"Ba mamaki!"

Na zare zoben baikonmu na miƙa masa. Ina son Othniel, Allah ya sani. Haushin kaina ma na ji da na tsaya a bakin ƙofa har keke Napep ɗin da ya hau ya sha kwana.

A ɗaki na sami Baba ya juya fuska bango. Ya ji komai.

"Ki bi shi, 'yata," ya faɗa da harshensa mai nauyi. "Ni ai na kusa..."

Na ɗebo kunu a cokali, hawaye na ɗiga a bayan hannuna.

"Buɗe baki, Baba. Zai huce."