Angon Da Ya Ƙi Amsawa

Ranar wata Asabar ce, a zauren baje kolin sana'o'in hannu da ke Abuja, Rashidatu ta fara ganin Zakiyyu. Ta zo ne daga Minna da farantan tagulla na mahaifinta, Alhaji Jiya, mutumin Bida wanda ya shafe shekara talatin yana sana'arsa a Minna. Tana tsaye a bayan teburinta sai wani saurayi ya ɗaga faranti guda, ya daɗe yana bin zanen da yatsa.

"Wannan aikin Nufawa ne," ya ce. "Ashe bayinmu sun iya wani abu."

Tun kaka da kakanni Banufe da Bakatsine abokan wasa ne, saboda haka ba ta buƙaci a gaya mata asalinsa ba.

"Ajiye, Bakatsine, kada ka lanƙwasa shi. Ku da ba ku gaji komai ba sai cika baki."

Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Ya shaida mata cewa kakansa ne ya baro Katsina zamanin aikin reluwe ya zauna a Minna, shi kuwa yana da shago a unguwar Dutsen Kura inda yake rubuta allunan talla da sanya hotuna a gilashi.

"Dubi ikon Allah," ya ce. "Gari ɗaya muke kwana, amma sai da muka yi tafiyar awa uku muka ga juna."

Zakiyyu yana da wata ɗabi'a da ba a saba gani ba a tsakanin samarin unguwarsu. Duk bayan mako biyu yakan rufe shago ranar Asabar ya hau mota zuwa Abuja, ya kalli wasan kwaikwayo, ko nunin zane-zane, ko taron makaɗa, ya komo. A wata na biyu da saninsu ya roƙi Rashidatu ta raka shi. Ta je, amma bisa ƙa'ida, tare da Aishat matar yayanta da ke zaune a can. Suka saurari masu garaya da masu sarewa, Aishat na zaune a tsakaninsu kamar katanga. Kafin Rashidatu ta isa masauki saƙonsa ya riga ta:

"'Yar Bida, an ce makaɗa bakwai ne suka hau dandamali yau. Ni dai ban ga ko ɗaya ba, don idona yana can hagu da Aunty Aishat."

Ta amsa: "Ɗan Reluwe, asarar tikiti ka yi ke nan. Gobe ka zauna a gida in aiko maka da hotona."

Da magana ta yi ƙarfi, baffannin Zakiyyu suka je gaisuwa. Alhaji Jiya ya karɓe su da mutunci, amma bai ba da amsa ba. Zuciyarsa ta fi karkata ga Suleiman, ɗan amininsa na Bida, kuma bai ga dalilin da zai sa namiji mai sana'a ya riƙa rufe shago don kallon mutane suna kwaikwayon abin da ba su ba. Ya ce a ba shi wata guda ya yi bincike, kamar yadda aka yi masa lokacin nasa auren.

Ana saura mako guda wa'adin ya cika, Alhaji Jiya ya kira Rashidatu bayan la'asar. Ta durƙusa a gefen tabarma. Ya miƙo mata wayarsa.

"Suleiman ne ya turo mini wannan. Duba da kyau."

Zakiyyu ne a hoton, cikin babbar riga fara, yana zaune kusa da wata amarya a lulluɓe. A gabansu ga faifan goro, ga wani mai rawani ya ɗaga hannuwa, ga jama'a.

Ta ƙura wa hoton ido, sa'an nan ta lura da fitilun dandamali da ke sama.

"Baba, wannan ai wasan kwaikwayo ne. Sukan jawo mutum daga cikin 'yan kallo su sa masa riga."

"Na san wasa ne. Kina tsammani tsufa ya hana ni gane fitila?" Ya gyara zama. "Amma tun muna gaban malamanmu aka karantar da mu cewa abu uku ba su da wasa: aure, da saki, da kome, wato mayar da matar da aka saka. Gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne. Idan an ce an ba shi, ya buɗe baki ya ce ya karɓa a gaban shaidu, to sai malamai sun zauna a kan maganar. Ni kuwa ba zan ba da 'yata ga wanda yake ɗaukar kalmar aure ya yi raha da ita ba."

Rashidatu ta koma ɗaki. Ta rubuta:

"Zakiyyu, ka gaya mini gaskiya don Allah. A wasan nan da aka sa maka riga, ka ce ka karɓa? Amsarka ita ce aurenmu."

Ba a jima ba ya amsa:

"Hasken idona, wallahi ban faɗa ba. Na ɓoye miki labarin ne don kunyar da na sha ranar. Akwai bidiyon, bari in nemo a nuna wa Baba."

Da ta kai wa mahaifinta wannan magana, sai ya girgiza kai.

"Wayar da ta kawo rabin magana ita za ta kawo mini sauran? A'a. Shaida da baki ake yin ta, ido cikin ido. Yaushe za su sake wasan?"

"Asabar, Baba, ƙarfe huɗu."

"To, ki gaya wa yaron nan ya same mu a can."

Haka aka yi Alhaji Jiya, wanda bai taɓa taka gidan wasan kwaikwayo ba a shekarunsa sittin da biyar, ya zauna a layi na uku da carbinsa a hannu. Rashidatu na gefensa. Zakiyyu kuwa ya koma can layin ƙarshe, don ba ya yiwuwa ya jera kujera da surukinsa.

Wasan labarin wani mai gida ne marowaci da maƙwabtansa. Da farko Alhaji ya ɗaure fuska. Da marowacin ya ɓoye tukunyar miya a ƙarƙashin gado don kada baƙo ya gani, Rashidatu ta ji kafaɗar mahaifinta tana rawa. Ta saci kallonsa, ya yi sauri ya mayar da dariyar tari.

Aka zo wurin biki. Aka jawo wani ɗan kallo, aka sa masa babbar riga, aka zaunar da shi kusa da amarya. Alhaji ya miƙe wuya ya kasa kunne. Amma ba wanda ya ce ya bayar, ba wanda ya ce ya karɓa. Makaɗa ne kawai suka shigo, aka yi guɗa, aka wuce.

Bayan an tashi, Alhaji ya nemi shugaban 'yan wasan, wani mai fara'a da ake kira Yona. Ya yafito Zakiyyu, ya nuna shi da carbi.

"Ka san wannan?"

Yona ya tafa hannu. "Baba, wa zai manta da shi? Wannan ai shi ne ya ɓata mana wasa! Mun sa masa riga, mai rawaninmu ya ce masa, 'Mun ba ka, ka karɓa?' Sai ya kama makirufo ya ce, 'Ku yi haƙuri, wannan kalmar ba a wasa da ita, kuma akwai wadda nake ajiye wa ita a Minna.' Mutum ɗari uku suka kwashe da dariya, amaryarmu har ta faɗo daga kujera. Shi kuwa gumi kamar an tsamo shi daga rijiya."

"Wa ya ji wannan ban da kai?"

Yona ya kira wanda ya fito a mai rawanin, Mika'ilu, shi ma ya maimaita maganar ba ragi ba ƙari. Ya ƙara da cewa tun daga ranar suka tambayi masana, suka cire wannan furuci daga wasan gaba ɗaya.

Alhaji Jiya ya ci gaba da jan carbinsa. Zakiyyu na durƙushe, idonsa a ƙasa. Rashidatu ta riƙe bakin mayafinta har yatsunta suka yi ciwo.

"Shaidu biyu sun cika," in ji Alhaji a ƙarshe. "Mutumin da ya zaɓi a yi masa dariya a gaban mutum ɗari uku a kan ya furta wannan kalma a banza, zai san nauyinta ranar da aka furta ta da gaske. Tashi, yaro. Ka gaya wa baffanninka su dawo ranar Juma'a."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya ya dubi Yona.

"Marowacin nan naku, an ce akwai wani wasan da yake fitowa a ciki?"

"Wata mai zuwa, Baba."

"To, madalla. Tambaya kawai na yi."

An ɗaura auren Zakiyyu da Rashidatu bayan wata biyu, a ƙofar gidan Alhaji Jiya, da hantsi. Mutanen Bida sun cika motoci uku, na Dutsen Kura kuwa da ƙafa suka zo. Suleiman ma ya halarta, ya nemi gafara, aka yafe masa. Rashidatu na cikin ɗaki tsakanin ƙawayenta lokacin da muryar baffan Zakiyyu ta ratso ta lasifika yana cewa sun karɓa, sai hawaye suka zubo mata tana murmushi.

Da za a tafi da ita, ta durƙusa a gaban mahaifinta, mijinta na bayanta. Alhaji Jiya ya ɗora hannu a kanta.

"Na ba ka amana, Zakiyyu. Ke kuma ki riƙe shi da daraja. Allah Ya sanya alheri a tsakaninku, Ya ba ku haƙuri da juna, Ya azurta ku da zuriya mai jin magana. Allah Ya yi muku albarka."

Duk wanda ke tsakar gidan ya amsa da amin.