Rakiyar da Ba a Sallama Ba

Wani mutum ne mai suna Labaran, akawu a wani ofishin gwamnati a Kaduna, zamanin da Turawa ke nan, Badarawa kuma ƙauye ce, sai ka ratsa gonaki kafin ka kai. Tun da aka binne matarsa Sa'adiya a farkon damina, ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa. Wane tawakkali! Bawan Allah dai ya daina jin komai ne. Zai ci tuwo bai san ko da gishiri ko babu ba.

'Yarsa Kaltume, da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ita ce ke ƙarewa. Ta ƙi kunu, ta ƙi koko. In ya shigo gida ba shi take kallo ba, bayan kafaɗarsa take kallo, ta miƙa hannuwa tana kuka har murya ta dushe. Yayarsa Hafsatu, da ta zo daga Zariya riƙon yarinyar, ta gaji ta ce, "Labaran, yarinyar nan mutuwa za ta yi kana kallo. Tashi ka je Badarawa ka karɓo mata rubutu wurin Malam Abubakar."

Ya ce to. Da ta ce ya zauna ma, to ɗin zai ce.

A hanyar dawowa taya ta yi faci, ya sauka yana tura keken, kwalbar rubutu a aljihu. Rana ta yi ja. Dawa ta fi mutum tsayi hagu da dama, kwaɗi sun fara. A bayansa kuma ga ɗan ƙaran nan, cas, cas, da keken ya tsira tun bayan rasuwar. Mai gyara ya duba ya ce bai ga komai ba.

"Dogo!"

Rabon da a kira shi Dogo tun yana makarantar Midil.

A gindin wata ɗorawa mutum biyu na zaune a kan tabarma, kwano a tsakaninsu. Idris ne da Sabo, abokansa na makaranta, waɗanda ya yi shekaru yana cin abinci da su a kwano ɗaya.

"Ka ga manya, har da agogo!" in ji Sabo. "An zama akawu, an manta da mu."

Idris ya matsa. "Zauna. Wurinka na nan, ba wanda ya zauna maka."

Ya jingine keken ya zauna. Hira ta ɓarke kamar jiya aka rabu. Aka tuna bulalar monita, aka tuna yadda Sabo ke binne nama a ƙarƙashin tuwo ya bar su da romo. Su suna dariya, shi yana gyaɗa kai.

Tuwon ba ya tururi. Abin da ke tashi daga tabarmar warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da kafur. Sauro na cizonsa, su ko ɗaya bai sauka a jikinsu ba. Fuskar Sabo sumul, ko gashin baki babu.

Sai ya tuna. Sabo ai sanƙarau ya ɗauke shi shekarar da za su gama, da Labaran aka ɗauki makararsa. Idris kuwa an ce mota ta faɗi da su a hanyar Jos, ya rasu. Ya tuna duk wannan kamar yadda mutum kan tuna ya manta lema a ofis. Bai tashi ba.

"Sa hannu mana," in ji Sabo.

"Na ƙoshi."

Gaskiya ya faɗa, kuma da alama ita ta cece shi daga cin abincin matattu.

Daga can Badarawa aka kira magariba. Su biyun suka yi tsit, kawunansu a ƙasa, har ladan ya gama. Labaran ya miƙe ya ce 'yarsa ba lafiya.

"Bari mu taka maka," in ji Idris.

Kowa ya san ƙa'idar rakiya. Mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce masa ya koma haka nan. Labaran ma ya sani, amma wallahi bai damu ba ko sun bi shi ko sun bari.

Suka tafi, shi a gaba, su a baya.

Kwaɗin sun yi shiru.

Takun mutum ɗaya yake ji, nasa. Sai cas, cas ɗin nan.

Suka wuce gonaki, fitilun Doka, unguwarsu, suka bayyana, bai sallame su ba. Har ƙofar gida. Daga ciki kukan Kaltume ke fitowa, siriri kamar na mage.

"'Yarka ce?" Sabo ya raɗa masa a kunne, numfashinsa sanyi ƙalau. "Mu shiga mu gan ta mana."

Idris ya ɗaga ƙafa zai sa a zaure.

Nan ne wani abu ya motsa a ƙirjin Labaran. Tsoro ne, abu na farko da ya ji tun farkon damina.

"Ku koma haka nan," ya ce da ƙyar. "Rakiya ta isa. Na gode."

Ƙafar ta tsaya a sama, ta koma baya. Sabo ya ja tsaki a hankali.

"Mu mun koma, Dogo," in ji Idris. "Ita fa?"

"Wa?"

"Wadda ke bayanka. Tun daga maƙabarta take rako ka, ba ka sallame ta ba. Ga shi kullum tana kiran yarinyar."

Ya ɗaga ido, babu kowa.

Keken na jingine a bango, ba ya motsi.

Cas, cas.

Awarwaro ne. Ya san su, shi ya sayo mata su. Ƙamshin lalle ya cika zauren.

Kaltume ta fito tana tangaɗi, hannuwa a sama, idonta a bayan kafaɗarsa. Ta daina kuka. Murmushi take yi.

Bai waiwaya ba. Ya san in ya waiwaya ba zai iya faɗa ba. Ya kira sunan matarsa, sunan da bai taɓa kira a gabanta ba don kunya.

"Sa'adiya. Ki koma haka nan. Kin rako mu, mun gode." "Don Allah bar mini ita."



Sai cas, cas, a hankali, yana nisa, har ya ɓace.

Kaltume ta sauke hannuwa, ta dubi fuskar ubanta kamar yau ta fara ganinsa. Labaran ya durƙusa ya rungume ta, ya fashe da kukan da har maƙwabta suka fito.

A daren nan yarinyar ta sha kunu. Malam Abubakar ya ce matattu ba sa dawowa, aljanu ne ke aron fuska, Labaran kuwa bai yi masa gardama ba. Amma daga ranar ba ya barin kowa ya rako shi ya wuce bakin ƙofa.

Keken bai sake yin ƙara ba. Wani lokaci a hanyar ofis Labaran kan sauka ya girgiza shi, ya kasa kunne.