Faifan Hajiya Fatu

Ranar Asabar da hantsi mutum biyu suka faɗo komisariyar 'yan sanda ta Tanut, kowa riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa, kowa na rantsuwa ɗayan ne ɓarawo. Insifekta Barmo bai ɗago kai daga kofin shayinsa ba sai da suka gaji don kansu. Mutum ne da ba ya son hayaniya, ga shi watan zafi ne, lokacin da ko jaki a nan ƙasar Damargu yake neman inuwa.

"To, wa zai fara?"

Ɗayan Abdulhafiz ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan marigayi Sani, Mushe Sani a laƙabin Faransanci, wanda ya yi aikin gyaran na'urori a gidan rediyo har ya tsufa, ya dawo gida Tanut ya rasu kwanan baya. Ɗayan kuwa Haris ne, mutumin Damagaram. Sana'arsa yawo gari-gari yana sayen tsofaffin faya-fayen garmaho, irin baƙaƙen nan da jikoki ke rufe tulu da su, yana tura wa masu sha'awarsu a ƙasashen waje.

Marigayin ya bar ɗaki guda cike da faya-fayai. Haris ya ji labari, ya zo ranar Laraba, ya duba, suka daidaita da magada a kan zai kwashe duka ranar Asabar. Da safen nan aka buɗe ɗakin, babu ko ɗaya.

"Shi ne ya sace, don ya samu a ɓagas!" in ji Abdulhafiz.

"Ranka ya daɗe, wata nawa ina neman tari irin wannan," in ji Haris. "Kuma ba asarata ce ta fi damuna ba. Hajiya Fatu, matar marigayin, ta kafa mini sharaɗi. Akwai ƙaramin faifai ɗaya da ta ce kada in tafi da shi, kada ma in kunna shi. Ta ce in ta fita takaba in kawo mata garmaho mai kyau ta saurara. Na yi mata alkawari. Yanzu da wane ido zan dube ta?"

Barmo ya ajiye kofin, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin yana jikin zauren gidan, ƙofarsa na kallon lungu. Kwaɗon lafiya lau, ba a fasa shi ba. A ciki ga akwatunan katako jere, duk wayam. Barmo ya tsugunna ya shafa ƙasa, ya ɗanɗana farin garin da ya manne masa a yatsa.

"Kanwa," ya ce. "A buhunan kanwa aka zuba su."

"A buhu?" Haris ya dafe kai. "Innalillahi! Faifai ba a kwantar da shi, ba a danne shi, a tsaye yake zama cikin akwatinsa. Wallahi ko haukacewa na yi ba zan sa faifai a buhu ba."

Barmo bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya juya wajen Abdulhafiz.

"Mabuɗin fa?"

"Yana ɗakin Inna, a jikin ƙusa."

"Jiya wa ya shigo gidan nan?"

"Ba kowa. 'Yan gaisuwa mata kawai."

Ya faɗi haka yana kallon takalminsa. Barmo ya daɗe da sanin cewa malamin lakwal da ya saba zare wa yara ido ba ya kallon takalmi a banza.

A waje wata tsohuwa mai tallar ƙuli ta ce ta ga farar mota mai buɗaɗɗen baya a lungun, daidai lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a. Direban dai ba ta gan shi ba, domin ita idonta na kan farantinta.

Da suka koma komisariya Barmo ya miƙa wa Haris hannu, yana nuna wayarsa.

"Ba ni talhonka."

"Ranka ya daɗe, ai ba abin da…"

"Ka ce mini ba wanda ya san da cinikin nan sai 'yan gida. Ba ni."

Ba a yi dogon bincike ba. Ranar Laraba da yamma Haris ya ɗauki hotunan kwalayen faya-fayen ya tura wa abokan cinikinsa, ɗaya daga ciki kuma ya sa shi a inda kowa zai gani. Hoton wata matashiya ce, kai ba ɗankwali, ta ɗaga hannu tana waƙa. A ƙasa an rubuta Fatu Tanut.

"Wace ce wannan?"

Haris ya leƙa hoton.

"Hajiyar ce. Tana yarinya ta yi waƙa da ƙungiyar samariya. Kaɗan aka buga, ban taɓa ganin wani ba sai wannan. Zumuɗi ne ya kama ni, ranka ya daɗe."

"Matar da ke takabar mijinta ka baza hotonta kai a buɗe, ka ce zumuɗi?"

Haris ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi har ya kasa share gumin da ke zuba masa a ido. Hoton kuwa ya riga ya yi ƙafa, ya zaga wayoyin Damargu tun ranar Alhamis.

Bayan la'asar Barmo ya koma gidan. Shiga wajen mai takaba da tambayoyin 'yan sanda ba abu ne da yake so ba, amma aiki ba ya jin kunya ko da mai yin sa yana ji. Ikilima, 'yar autar Hajiya, ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, labule a tsakaninsu.

Ya yi gaisuwa, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya ce:

"Hajiya, su wa suka zo miki jiya?"

Ashe tambayar da take so ke nan. Hajiya Fatu mace ce da ba ta manta mutum. Ta lissafo Hawa matar mai unguwa da jikarta, ta lissafo Raishatu 'yar ƙanwar marigayi wadda ke aure a Falanko, ta faɗi abin da kowace ta kawo da wanda kowace ta haifa. Har yarinyar da ta zo aron turmi sai da ta faɗi sunan ubanta.

"Namiji fa? Babu?"



"Wani dai ya leƙo," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Wane ne?"

"Daga yamma ya zo."

"Sunansa nake tambaya, Hajiya."

"Ikilima, ki ƙara wa baƙo ruwa."

"Kin ga fuskarsa?"

"Ban duba ba. Bango nake kallo har ya fita. Ya sake dawowa sallama, nan ma ban duba ba."

Barmo ya buɗe baki zai sake matsawa, sai ya rufe. Shi kansa ɗan fari ne. Ga shi da furfura a gemu, amma har yau mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya je gaishe ta sai ta kau da kai ta ce wa ƙannensa, "Ku ba wancan abinci." Ya gane abin da ya yi yanzu: ya zauna a ƙofar dattijuwa yana tilasta mata ta faɗi sunan da bakinta ba zai iya ɗauka ba. Kunya ta kama shi sosai. Ya ba da haƙuri ya tashi.

A zaure ya tare Abdulhafiz.

"Kai ne ɗan farin Hajiya?"

"Ni ne babba a gidan nan."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Abdulhafiz ya jingina da bango.

"Akwai Yaya Bashir," ya ce. "Na aurenta na farko. A Belbeji ya tashi, wajen dangin ubansa. Fataucin kanwa yake yi."

"Farar mota?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka sani tun safe, ka kamo baƙo da wuyan riga ka kawo mini."

"Zargi kawai nake, ranka ya daɗe. Na ce in dai har an ce ɗan gida ne, ina za mu sa kanmu a garin nan?"

Ranar Lahadi Barmo ya ɗauki ɗan sanda ɗaya da Haris suka kama hanyar Belbeji. Ya sanar da jandarmomin can, suka nuna masa gidan. Rana ta take tsaka suka iske Malam Bashir a rumfar ƙofar gidansa da carbi a hannu. Dattijon kirki ne a idon garin, shi ke jan salla in liman ba ya nan.

"Ranar Juma'a ina kake, Malam?"

"Ina Tenhya, na kai kaya."

"A can ka yi Juma'a?"

"A can."

"To wa ya je Tanut gaida Hajiya Fatu?"

Carbin ya tsaya.

"Ita ta ce ni ne?"

"Ba ta ce ba. Ta faɗi sunan kowa har da mai aron turmi, mutum ɗaya ne ta kasa. Ka san ba za ta dube ka ba, shi ya sa ka zare mabuɗi a gabanta, ka mayar a gabanta. Kunyarta ka yi sata da ita."

Bashir ya kau da kai. Idonsa ya tafi kan farar motar da ke tsaye a tsakiyar fili, ba inuwa ko ta tsinke, bayanta lulluɓe da baƙin tamfol.

Haris ya bi inda yake kallo, ya yi ƙara, ya ruga.

"Tun yaushe suke nan? Tun yaushe?"

Tamfol ɗin ya yi zafin da ba a iya taɓa shi sai da gefen riga. Suka kwance buhun farko. Faya-fayen sun lanƙwashe kamar kilishi, waɗansu sun manne da juna. Buhu na biyu haka, na uku haka. Haris ya bi su ɗaya-ɗaya har ya zaro ƙaramin kwalin mai hoton matashiyar. Abin da ya fito daga ciki ya naɗe, ba allurar da za ta sake hawa kansa. Ya zauna a ƙasa yana hawaye.

Bashir ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba.

"Tun ina yaro ake ce mini ɗan zabiya. Ubana ya ce waƙa ce ta raba su. Na girma, na yi karatu, mutane suka manta. Ranar Alhamis ina zaune a kasuwa wani yaro ya miƙo mini talho, ya ce, 'Malam, ba tsohuwarka ba ce wannan?' Aka yi dariya. Na ce kafin muryarta ma ta shiga wayoyi gara in ɗauke faifan. Da na shiga ɗakin na ga yawansu, ga lokaci na tafiya, sai na kwashe duka. Na bar sallar Juma'a saboda wannan, ranka ya daɗe. Ni."

"Me ya hana ka ciro naka ka mayar da sauran?"

"Na zo zan buɗe buhu sai in kasa. Ba na son in ga hoton da hannuna. Ban san rana na cin su ba. Wallahi ban sani ba."

Barmo ya sa aka ɗora buhunan, aka sa Bashir a mota. Bai sa masa ankwa ba a gaban 'ya'yansa.

Kafin magariba suka isa Tanut. Hajiya Fatu ta aiko Ikilima ta roƙi Insifekta ya biyo da su ta gida kafin komisariya. Barmo ya tsaya a ƙofar ɗakin, Bashir ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Ikilima ta karɓi naɗaɗɗen faifan ta shiga da shi bayan labule.



"Insifekta," in ji Hajiya, "ya saurara kafin ya lalace?"

"Bai saurara ba, Hajiya."

"Bai taɓa ji ba ke nan."

Ta yi ajiyar zuciya.

"Ranar da na yaye shi aka zo aka ɗauke shi. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ba a yi wa ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cewa ina kewarsa ba. Da aka ce in yi waƙa a na'ura, na ga ba kowa a ɗakin sai mai ɗauka, sai na yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwata. Waƙar nan daga farkonta har ƙarshenta sunansa ne. Marigayi ne ya ɗauke ta, shi ya adana mini ita duk shekarun nan. Na ce in na fita takaba zan aika a kira shi, a kunna masa, ni in shiga ɗaki."

Bashir ya kifa goshinsa a ƙasa. Kukan da ya yi ba irin na manya ba ne.

"Inna," ya ce, "ki yi mini ita da baki. Ko baiti ɗaya."

Labulen bai motsa ba.

Bashir ya juya wajen Haris, wanda ke tsaye a zaure.

"Faifan, ba a miƙar da shi? Ko a danne shi da wani abu?"

Haris ya girgiza kai. Shi ma bai iya ɗaga ido ba, domin ya san daga wayarsa wutar ta tashi.

Hajiya ta ce ita ta yafe, amma dukiyar magada ce aka lalata, maganar sai ta je gaban alƙali. Barmo ya dafa kafaɗar Bashir.

"Tashi mu tafi, Malam."

Ya tashi da ƙyar. Ɗan sandan ya riƙe masa hannu suka nufi zaure. A bakin ƙofa ya ja ya tsaya, bai waiwaya ba, yana sauraro. Barmo ya san abin da yake jira, bai kuma hanzarta shi ba.

Can muryar tsohuwar ta fito daga bayan labule, a dashe.

"Ikilima, ki ba wancan ruwa kafin su tafi da shi."