Bayahudiyar Fagge

"Inno, Bayahudiya ce fa."

Cokalin hannuna ya faɗi cikin faranti.

Fauziyya ce ta faɗa, 'yar aminiyar Inno, wadda tun tana ƙarama mutanen unguwarsu ta Lozells a Birmingham ke tsokanarta da matar Sa'id. Ta faɗa tana murmushi, tana zuba mini zoɓo.

Inno, mahaifiyar saurayina Sa'id, ta ajiye carbinta a hankali.

"Inno, dama yau nake so in yi miki bayani..." in ji Sa'id.

"Yi mini shiru!" Ta juyo gare ni. "Yarinya, wa ya haife ki?"

"Sunana Simha, Inno. Mahaifina Iliya, mai kantin yadi a Fagge. Kakansa ne ya zo Kano daga Tarabulus. A Kano aka haife ni, a can muka binne Babana."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Hausarki ta fi ta 'ya'yana," ta ce. "Amma ba da Hausa ake aure ba. Sa'idu, mayar da ita gida."

Sa'id ya ɗauko ni a mota daga Birmingham zuwa Manchester. Sai da ya tsaya a ƙofar gidanmu a Moss Side ya ce, "Simhata... na yi kuskure da na ɓoye. Tsoro na ji."

"Kunyata ka ji."

"Wallahi a'a!"

Na rufe masa ƙofar mota.

Shekara biyu ke nan da zuwanmu ƙasar nan, ni da Mama. Mu ne muka rage a danginmu a Kano. Ranar da Baba ya rasu, ko maza goman da addininmu ya ce su tsaya masa addu'a ba mu samu ba. Maƙwabta Musulmi ne suka haƙa kabarin. Da na samu aikin haɗa magani a Manchester, sai na tattaro Mama muka taho, ina ce mata a can akwai 'yan'uwanmu dubbai.

Akwai su kuwa, can arewacin gari, bas biyu daga gidanmu. Sun karɓe mu da mutunci. Sai dai duk Asabar in mun je majami'a sai wani ya sake tambaya, "Daga ina kuka ce?" Daga baya Mama ta daina zuwa.

Sai ta fara jin Baba.

"Saurara," takan ce mini tana riƙe da hannuna. "Ga takun silifas ɗinsa a matakala. Ya biyo mu, yana neman inda muka ajiye shi."

A asibiti na haɗu da Sa'id, ranar da Mama ta zame a ƙanƙara. Tana ihu, "Wayyo ƙafata!" sai likitan ya tsuguna ya ce, "Sannu Mama, sannu." Rabon da wani baƙo ya yi mata Hausa tun a filin jirgin Kano. Ta kama rigarsa ta fashe da kuka.

Daga nan ya zama ɗan gida. Yana kawo mata kuka da daddawa, suna hirar Kantin Kwari. Tana sonsa, amma ranar da na ce aure yake nema, ta juya fuska bango.

"In kin aure shi, 'ya'yanki na wa ne? Mu muna cewa ɗa na uwa ne, su suna cewa na uba. Babanki ya riƙe addinin nan shi kaɗai shekara sittin, Simha. A hannunki zai mutu?"

Wata uku bayan zuwana Lozells ban ɗaga wayarsa ba. Fauziyya ta samo lambata, ta turo mini hoton akwatunan lefe, ta rubuta, "Kowa ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi."

Na yarda da hoton. Na yi kuka a banɗakin wurin aiki, na wanke fuska na koma.

Da hunturu ya kama, zuciyar Mama ta gaza. A gadon asibiti ta ce, "Kira mini likitan nan."

"Mama, ya kusa aure."

"Kira shi na ce."

Cikin rabin awa ya iso, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

"An ce za ka yi aure," in ji Mama.

"Wa ya ce? Lefen yayarta ne Fauziyya take yawo da hotonsa. Mama, ni ban taɓa neman kowa ba sai 'yarki."

Na juyo na dube shi.

"Matso," Mama ta ce masa. "In Juma'a ta yi yamma, za ka bar ta ta kunna kyandir ɗinta na ibada?"

"Ni zan sayo mata."

"'Ya'yan fa? Za su san sunan kakansu?"

"Za su sani. Ba zan yi miki ƙarya ba Mama, zan koya musu sallah. Amma ba zan hana ta gaya musu ko su waye ba."

Ta rufe ido. Na ɗauka ta yi barci.

"Iliya ba zai yarda ba," ta ce a hankali. "Amma Iliya yana Kano, ita kuma a nan zan bar ta."

Da asuba Mama ta cika.

Mutanen majami'armu sun yi mata komai yadda ya dace. Kamar yadda al'adarmu ta makoki take, na yage wuyan rigata, na rufe madubai da zani, na zauna a ƙasa zaman kwana bakwai. Maza goma sukan zo da yamma su yi addu'a su tafi, Allah ya saka musu. Amma ba wanda ya san Mama. Ba wanda zai ce mini tana son gyaɗa soyayya, ko ya tuna dariyarta.

In gidan ya yi tsit, sai in ji.

Silifas a matakala.

Yanzu kuma kamar na mutum biyu.

Rana ta uku da hantsi takun ya hawo har ƙofa, ya tsaya. Aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

Inno ce, da kular abinci, tana haki.

"Ba don na yarda na zo ba," ta ce tana cire takalmi. "Sa'idu ne ya ce ke kaɗai kike zaune. Mu a wurinmu ba a barin mutum shi kaɗai a makoki. Ga tuwon shinkafa da taushe, ban sa nama ba, an ce kuna da naku yankan."

Ta shimfiɗa mayafinta ta zauna a ƙasa kusa da ni.

"To, ba ni labarinta."

Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Ta jawo kaina bisa cinyarta tana cewa, "Yi abinki, yi abinki..."

Ba ta koma Birmingham ba. In lokacin sallah ya yi sai ta shiga ɗakin Mama ta yi, in mazan sun zo addu'a sai ta koma kicin ta dafa musu shayi. Rana ta biyar na gaya mata abin da nake ji a matakala. Ba ta yi dariya ba.

"Shekara guda na yi ina jin tarin Baban Sa'idu a Lozells, shi da yake kwance a Kano. Duk wanda ya baro kabari a gida sai ya ji."

Safiyar rana ta bakwai ta ce, "Yau me ake yi?"

"Babba yakan kama hannun mai makoki ya tashe shi, su zagaya unguwa. Ni kuwa..."

Ta miƙo hannu.

"Tashi."

Muka sauka. Hasken waje ya kashe mini ido. Sa'id na tsaye jikin motarsa, ashe kullum a nan yake tsayawa bayan aiki, bai taɓa hawowa ba. Muka zagaya layin, Inno na riƙe da ni, yana binmu a baya kamar mai laifi.

A ƙofar gida ta tsaya.

"Surutu za a yi mana, a Lozells da Kano duka. Wasu ba za su zo ba. Kun shirya?"

"Na shirya, Inno," ya ce.

"Ba kai nake tambaya ba."

Na dube shi. Idonsa ya cika da hawaye.

"Na shirya," na ce.

"To shi ke nan." Ta gyara mini yagaggen wuyan rigata. "Yarinyar nan ba ta da kowa, don haka ni ce uwar amarya. Kai Sa'idu, je ka nemo wadda za ta tsaya maka, ka zo ka roƙe ni. Kuma ka zo da ladabi, don ba kowa nake ba 'yata ba."