Habi Mai Harafin Yumɓu

Lauwali ya fara ganinta ne da hantsi a bakin gulbi, ƙasan Wurno, inda mata ke ɗibar yumɓu. Yara huɗu sun kewaye ta. Ta murza yumɓu ta yi ɗan jirgi, ta ɗora a faifai, ta ajiye wake ɗaya a ƙarƙashinsa.

"Mi na wanga?"

"Ba!" yaran suka amsa da ihu.

Ta mai da waken sama, ta ƙara ɗaya. Suka ce, "Ta!"

Lauwali ya tsaya baki buɗe. Shi ke taya mahaifinsa, Malam Abdulƙadiri, koyar da babbaƙu a makarantar allo, kuma wata uku ke nan yana fama da yara kan haruffan nan biyu.

"Wa yak koya miki wanga?"

"Ba kowa, Malam," ta ce tana rufe fuska da gefen zane. "Habi nike, ɗiyar mai ginin tukwane. Yaro ba ya mance abin da hannunshi ya gina."

Tun ranar ƙafarsa ta saba da hanyar gulbi. Yana kiranta Gwanata, tana kiransa Malamina.

Da ya kai maganar aurenta gida, Malam Abdulƙadiri ya ɓata rai.

"Mai wasa da haruffa cikin laka? Ga ɗiyan malamai cike da Wurno!"

Ana haka sai Mode, wani falke daga Goronyo, ya fara sallama a gidansu Habi da turamen saƙi. Lauwali ya ga jakinsa a ƙofa sau biyu, ya ɗauke ƙafa har kwana tara. Sai ga 'yar takarda da ajami:

"Malamina, turamen Mode sun koma Goronyo tun Talata. In fushi kake, ka zo ka yi shi gabana, in gani ko yana yi maka kyau."

Ya karanta sau uku yana dariya, ya mayar da amsa: "Gwanata, na yi kuskure. Gobe da hantsi ina bakin gulbi."

Inno, mahaifiyar Lauwali, ita ta warware sauran. Akwai jikan Malam, Ƙasimu, ɗan shekara shida, wanda in ya ga allo sai kuka. Ba ta gaya wa kowa ba, ta riƙa kai shi wurin Habi in za ta ɗibar ruwa.

Wata safiya Malam na rubutu, yaron ya zo ya dafa gwiwarsa, ya nuna da yatsa.

"Kaka, wagga 'ba' ta. Wagga ko 'ta', wakenta biyu."

Alƙalamin ya tsaya. Malam ya nuna masa wata, ya faɗa. Ya nuna wata, ya faɗa. Ya tambaye shi wa ya koya masa, yaron ya ce Habi. Tsohon ya share ido da hannun riga, ya sa aka kira Lauwali.

"Yarinyar ga, a ƙasa take aje haruffan?"

"A'a Baba, bisa faifai."

"To gaya ma iyayenta muna tahe."

Bayan an shigar da gero rumbu aka ɗaura aure, 'yan'uwa suka zo har daga Rabah. Da aka kawo amarya gaisuwa, Malam ya nuna mata rumfar da ya sa aka kafa a tsakar gida.

"Ɗiyata, ƙananan almajirai naki na, manya na Lauwali. Allah shi yi albarka, shi ba ku zaman lahiya."

"Amin, Baba," in ji Habi daga cikin lulluɓi. Inno ta rangaɗa guɗa.