Tabon Ruwa a Baƙar Mota

Soson ƙarfe ne a hannunta ranar da ya fara ganinta, tana shirin kai wa baƙar mota a gaban wurin wankinsa.

"Ke, tsaya!" Dogo ya yar da bokiti ya rugo. "Me motar nan ta yi miki?"

"Ta Baba ce. Da ruwan burtsatse na wanke, fararen ɗige-ɗigen nan suka ƙi fita."

"Gishirin ruwan ne ya bushe a kai. Ki goga wannan, fenti ya tafi, ke ma Baba ya kore ki."

Ta yi dariya, ya fitar mata da tabon. Malamar firamare ce, kuma ranar ba ta tafi ba sai da lambarsa.

"Likitan Mota, ka ci abinci?" ta rubuto washegari.

"Malamata, saƙonki na gani, na ƙoshi."

Da maganar aure ta kai gida, Baba ya daka tsalle. "Mai wankin mota? Wanda ko sakandare bai gama ba? Ga mai shagon fenti yana sonki!"

"Baba, ka yi haƙuri. Ko shekara goma ce zan zauna, amma Dogo ne."

Ruwan gidansu bai canza ba, tabo ya dawo. Mai fenti ya ce sai dai a kankare a sake feshi. Baba ya aika a kira Dogo da tsakar rana, don a kunyata shi gaban kowa.

"Ga ta nan. Fitar da shi yanzu, in kana son 'yata."

Dogo ya ɗora tafin hannu a jikin motar, ya janye da sauri.

"Baba, ba zan taɓa ta ba."

"Ka ji ko? Ya kasa!" in ji mai fenti.

"Ƙarfen ya yi zafi. In na zuba ruwan kal mai tsamin nan yanzu, zai bushe ya ci fentin. A kai ta inuwa ta huce."

"Ni kake ba umarni a gidana? Yanzu, ko ka fita!"

Dogo ya hango Malama a bakin ƙofa. Ta girgiza kai: kar ka taɓa motar.

"Gara ka kore ni da in ɓata maka abu don in burge ka."

Baba ya sa hannu a aljihu. Ya wurga masa makullin motar.

A inuwa, Dogo ya haɗa ruwan kal da ruwa mai kyau rabi da rabi, ya shimfiɗa tsumma mai laushi, jim kaɗan ya ɗauraye, ya tsane. Gefe-gefe ya bi ta, har Baba ya ga furfurarsa a jikin ƙofar motar.

"Taurin kai gare ku, ku duka biyun," in ji shi. "Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙe hannayensu: "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku."